Buƙata ko tayi? A taimaka mini kafin Litinin

Ɗalibar jami'a: Salamu alaikum. An ba ni tambayoyin anketi (binciken jin ra'ayin jama'a) da Faransanci in mayar da su Hausa, gida-gida za mu bi a Maradi kan motoci da babura masu aiki da kuran. Ran Litinin za a horar da masu tambaya, ni kuwa na maƙale a "demande" da "consentement à payer", wato iyakar kuɗin da mutum zai yarda ya biya. Na farkon na sa buƙata, amma raina bai kwanta ba.

Tsohon ɗan anketi: Cire buƙata, ƴata. Tambayi ɗan kabu-kabu ko yana buƙatar babur da ba ya shan esansi, zai ce i tun ba ki rufe baki ba. Su masana so da kuɗi a hannu suke nufi. Ki ce niyyar saye.

Ɗan kasuwa: Na biyun kuwa tayi ne. "Nawa za ka taya?" Ko yaro ya gane.

Tsohon ɗan anketi: Alhaji, mai tayi daga ƙasa yake farawa yana jiran a ce albarka. Kayan jika 100 zai taya 50, ita kuma ta rubuta 50. Shi ya sa ake nuna wa maigida kati biyu, babur mai esansi da mai batir, kowane da farashinsa da kilomita nawa yake ci kafin a ƙara esansi ko caji, ya zaɓa. Sai a canza farashin a sake nuna masa.

Malamin Hausa: Ni "kuran" ce ta tsaya mini a rai. Yaushe za mu daina roƙo a ƙofar Faransa? A ce lantarki, ko ma motar walƙiya.

Ɗan kasuwa: Malam, lantarkin ma na Ingilishi ne, ta Kano ya biyo. Takardar NIGELEC, kamfanin wutar Nijar, kuɗin walƙiya kake ce mata?

Malamin Hausa: Da lantarki ake karanta labarai a gidajen rediyon duniya.

Tsohon ɗan anketi: Tsohuwar da ke unguwannin Zariya da Bagalam na Maradi za a tambaya, ba rediyo ba. Kuma tun da Najeriya ta yanke mana wuta a 2023, wanda duk aka ce wa motar kuran sai ya ce "da wane kuran?" Ki tanadi gurbin wannan amsar.

Ɗalibar jami'a: Na gode. Na ɗauki niyyar saye da mota mai caji. Tayi zan gwada a gida 10 tukuna.

Malamin Hausa: Cajin ma aro ne. Amma to, Allah ya ba da sa'a.