Iyafis Mai Igiya Ko Na Bluetooth: Wanne Zai Fi Yi Min?

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawararku, lamarin nan ya tsaya min a rai.

Sabuwar wayata ba ta da ramin iyafis na milimita 3.5, sai USB-C kaɗai, wato ramin caji. Kullum ina sauraron karatu a hanya, ina amsa kiran aiki, da dare kuma ina kallon bidiyo.

Mai igiya ba ya buƙatar caji, sauti kuma yana tafiya daidai da hoto. Sai dai dole in haɗa shi da adafta, wadda za ta toshe wurin caji, ga igiyar tana yawan tsinkewa daga bakin filogi. Na Bluetooth kuwa batirinsa ne damuwata. Ƙanana ne, suna rauni da daɗewa, kuma yawancinsu ba a canza musu batiri. Ba na son abin da zan jefar bayan ɗan lokaci.

Masu amfani da na Bluetooth, shekara nawa naku ya yi kafin cajinsa ya fara saurin ƙarewa? Idan kuna waya cikin hayaniya, ana jin muryarku sosai? Wannan ne ya fi damuna, domin da kiran nake cin abinci. Jinkirin sauti a bidiyo fa, har yanzu akwai shi?