An hana ni magana da sunan ƙungiya a zaman majalisar gunduma: haka ake yi a wajenku?

Uwar Biyu:
Salamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka. Wata shida ke nan da na shiga wata ƙungiyar 'yan ƙasa a gundumarmu, wato kawunti kamar yadda muke cewa a nan. Bas ce ta kai ni. An rage zirga-zirgar layin da nake bi zuwa aiki, motar ƙarshe ta koma ƙarfe tara na dare, ni kuwa sai sha ɗaya nake tashi. Makon jiya majalisar gunduma ta yi zaman sauraron jama'a kan kasafin kuɗi, na sa sunana a takardar masu magana, na rubuta sunan ƙungiya a gefe. Shugabarmu ta ja ni bakin ƙofa, cikin ladabi dai, ta ce in goge, in yi magana da sunana ni kaɗai, wai ƙungiya ba ta da matsaya kan sufuri tukuna. Wallahi raina ya sosu. Kuɗin shekara na biya, taro ban taɓa fashi ba. Ƙa'ida ce ko raina ni aka yi?

Tsohuwar Malama:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, ba raini ba ne, ni ma an taɓa tare ni haka. Ƙungiyoyi da yawa sun ari wannan tsari ne daga League of Women Voters, wato ƙungiyar mata masu zaɓe, wadda Carrie Chapman Catt ta jagoranci kafawa a 1920, shekarar da mata suka samu 'yancin zaɓe a faɗin ƙasar. Ba ta goyon bayan ɗan takara ko jam'iyya, amma tana ɗaukar matsaya kan batutuwa, sai dai sai an yi nazari mambobi sun amince.

Ni na zauna a kwamitin da ya yi nazarin gidan yarin gundumarmu, lokacin da ake maganar gina sabo. Kusan shekara biyu muka yi. Mun karanta kasafi shafi-shafi, mun shiga gidan yarin da ƙafarmu, mun zauna da lauyoyin da gwamnati ke bai wa marasa hali. A nan na gane cewa da yawan waɗanda ke ciki ba a ma yanke musu hukunci ba, kuɗin beli ne ya gagare su. Da na shiga kwamitin ina ganin gini ne maganin cunkoso, na fito ra'ayina ya juya.

Ranar yanke shawara ba ƙuri'a aka kaɗa ba. Tambayoyi aka kawo ɗaya bayan ɗaya, ana tattaunawa har mai rubutu ta ga inda akasarin ɗakin ya karkata. Matsayar da ta fito ba ta wuce sakin layi ɗaya ba, kuma har yau da ita ake zuwa gaban majalisa. Duk ranar da shugabarmu ta tashi ta ce "ƙungiya na ganin kaza", kwamishinoni, wato 'yan majalisar gunduma, sun san ba daga aljihunta ta zaro ba.

Ɗan Tasi:
Anti, Allah ya ƙara girma, amma ni ban gamsu ba. Kafin a gama wannan nazarin naku an shafa fatiha an watse. Wani kamfani ya nemi a sauya wa wani fili da ke bayan unguwarmu rajista daga na gidaje zuwa na rumbunan ajiye kaya, manyan motoci dare da rana. Na kai kuka ƙungiyarmu, aka ce za a kafa kwamiti. Kwamiti na zama na biyu majalisa ta amince. Ni da maƙwabta huɗu muka je, aka ba kowa minti uku, ga wata 'yar fitila mai nuna lokaci a kan mumbari: kore, ruwan ɗorawa, ja. Ina cikin gaisuwa da godiya na ga ruwan ɗorawa. Tun daga ranar na daina biyan kuɗin shekara.

Tsohuwar Malama:
Ƙanena, ba ka yi ƙarya ba, ana makara. Amma da a ce ƙungiyarku na da tsohuwar matsaya kan tsarin amfani da filaye, da washegari za a rubuta wasiƙa. Shi ya sa ake rubuta su da faɗi, ba a kan fili guda ba. Kuma gaisuwa a minti uku, ai kai ka so.

Mai Lissafi:
Ni harajin gida ne ya sa na zauna daram. Shekara uku ana ce mana ba a ƙara haraji ba, takardar biya kuma kullum hawa take. A taron ƙungiya wani dattijo ya ɗauki alli ya warware mana: abu biyu ne, ƙimar da ofishin tantancewa ya yi wa gidanka, da kason da majalisa ta yanka. Misali gida na dala 300,000 a kan kashi 1 cikin 100, dala 3,000 ke nan. In aka ce ya koma 330,000, kaso bai motsa ba amma 3,300 za ka biya. Matsayarmu ba ta ce a rage ba, ba ta ce a ƙara ba, cewa ta yi a riƙa bayyana wa jama'a ƙarin a fili kafin a amince da kasafi. Masu haya kada ku ce ba ruwanku, mai gida a kanku zai fanshe.

Na Connecticut:
Ina karanta ku ina dariya. Mu nan jihar Connecticut tun 1960 aka rushe gwamnatin gunduma, sunan kawai ya rage a taswira. Wajen hukumar gari muke kai namu kukan.

Baban Yara:
Tamu ƙungiyar ta kusa darewa biyu a kan sherif, wato shugaban 'yan sandan gunduma. Ga waɗanda ba su sani ba, a yawancin jihohi zaɓensa ake yi kai tsaye, ba yaron majalisa ba ne, kasafinsa kawai suke riƙe da shi. Namu ya so shiga yarjejeniyar 287(g), wadda dokar 1996 ta kawo, ta yadda jami'ansa za su riƙa taya hukumar shige da fice aiki. Zama uku muka yi, har wata baiwar Allah ta yi kuka, ba a samu daidaito ba. Aka rubuta a littafin taro cewa babu matsaya. Na ji zafi ƙwarai, don na san gidajen da abin zai taɓa. Wasu suka ce to mu fito mu ce kada a sake zaɓensa, ma'aji ya ce ina, rajistarmu ta masu rangwamen haraji ce, doka tun 1954 ta hana irinmu mara wa ɗan takara baya ko yaƙarsa. Abin da muka iya shi ne gayyato 'yan takarar duka zauren laburare, kowa aka yi masa tambaya iri ɗaya, minti biyu-biyu. Tawa ce ta uku, hannuna na rawa na miƙa katin.

Sannan Uwar Biyu, tuni ga masu karatu: zuwa zaman majalisa a buɗe yake, amma rajistar zaɓe wani abu ne daban. In ba ka zama ɗan ƙasa ba kada ka cike fom ɗin ko da a ofishin lasisin tuƙi aka miƙo maka, yana iya ɓata maka takardu.

Uwar Biyu:
Na gode duka, Allah ya bar zumunci. Yaya Ɗan Tasi, ni ma jar fitilar ta kama ni, amma na samu na faɗi lambar layin da lokacin tashina. Jiya na kira shugabarmu, ta ce a taron shekara ake zaɓar batun da za a yi nazari, in kawo sufuri in na samu mutum uku da za su zauna a kwamiti. Na samu biyu a tashar bas, ma'aikaciyar jinya da wani mai gadi. Anti Malama, don Allah kasafin nan ta ina ake fara karanta shi? Na sauke shi a waya, shafi ɗari huɗu da wani abu.