Wai sitirimin a manhajar waya yaudara ce?

Sabon Hannu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan rabona da barcin kirki. Manhajata ta Android tana karɓo dogon rubutu daga saba, wato kwamfutar da ke aiko wa manhaja bayanai ta intanet, da OkHttp nake aiki, kayan aikin da manhaja ke karɓo bayanan da shi, ina so rubutun ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan tun bai gama isowa ba, wato sitirimin. Amma sai fuskar waya ta tsaya fari fat wajen daƙiƙa takwas, sannan rubutun ya faɗo gaba ɗaya tim. Na gaji wallahi. Wannan sitirimin da ake ta kururutawa yaudara ce kawai.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, janye kalmar yaudara. Ba a cewa yaudara sai da mai niyyar cuta. Tun HTTP/1.1 na 1997, wato ƙa'idar da saba da manhaja ke magana da ita, aka tanadi yadda saba za ta aiko amsa gutsure-gutsure ba tare da ta faɗi tsawonta ba. Kowane gutsure girmansa na rubuce a gabansa, in an kai ƙarshe a turo mai girman sifili. To wa aka yaudara a nan?

Ɗan Flutter: Mai riƙe da wayar mana, ranka ya daɗe. Amsar da za ta ci daƙiƙa goma, goman nan za ta ci ko an gutsuttsura ta. Ido kawai ake yi wa wayo. Ni ma ina amfani da shi, amma gaskiya sunanta gaskiya.

Malama Mai Kotlin: Haba malam. Wanda ya fara karanta layin farko a daƙiƙa ta ɗaya an cuce shi ke nan? Kuma ba ido kaɗai ba ne. Ɗauki fayil mai megabayit 200. In ka kira umarnin string a OkHttp, duka zai kwashe ya jibge a RAM, a ƙaramar waya manhajar ta mutu da OutOfMemoryError, wato RAM ɗin da aka ba ta ya ƙare. In ka bi ta umarnin byteStream, kana ɗiba kaɗan kana rubutawa kana zubarwa. Wannan ma wayo ne?

Ɗan Flutter: Ban ce ba shi da amfani ba, Malama. Cewa na yi ba ya ƙara sauri.

Malama Mai Kotlin: Yaudara ka ce, yanzu kuma ka koma sauri.

Ɗan Flutter: Ba ni na kawo kalmar ba, koma sama ki duba.

Yaya Mai Saba: Sabon Hannu, ka kunna HttpLoggingInterceptor, mai rubuta abin da ke shiga da fita a OkHttp, a matakin BODY mai rubuta har cikin amsar? Shi sai ya karance amsar kaf kafin ya miƙa maka. In kuma Nginx, manhajar da ke tsayawa tsakanin saba da masu neman bayanai, ne a gaban sabarka, saitinsa na proxy_buffering a kunne yake zuwa, yana iya tare amsar. Gwada sa X-Accel-Buffering: no a kan amsar.

Ɗan Flutter: Af, Injiniya, wancan gutsure-gutsuren naka ai tsohon zance ne. HTTP/2 da ya fito a 2015 ya jefar da shi, da nasa ƙunshin da ake kira firam yake aika bayanai.

Injiniya: Na sani sarai. Asalin abin na faɗa don yaro ya gane. Ina wannan aikin tun kafin Google ta saki Flutter 1.0, kayanta na gina manhaja, a 2018, ba kai za ka koya min HTTP ba.

Ɗan Flutter: Allah ya huci zuciyarka. Amma da Flutter yake aiki da bai kwana uku ba. Kana kiran send za a miƙo maka StreamedResponse, ka saurara, shi ke nan.

Malama Mai Kotlin: Shi ke nan ina? Harafin ƙ bayit biyu ne a UTF-8, tsarin mai da haruffa bayit, haka ɗ da ɓ. Gutsure yana iya yankewa a tsakiyar harafin, rabi ya zo yanzu, rabi a na gaba. Na taɓa gani da idona, kalmar ƙasa ta fito da alamar tambaya cikin baƙin lu'ulu'u a madadin ƙ, don na mai da kowane gutsure rubutu shi kaɗai. Yini guda na yi kafin na gano. Wannan ramin kowa na faɗawa, har ku.

Ɗan Flutter: Mu a Flutter utf8.decoder yana riƙe rabin har sauran ya iso.

Malama Mai Kotlin: InputStreamReader namu na Android ma haka yake yi, kuma ya girmi Flutter nesa ba kusa ba.

Injiniya: To ya isa haka. Ga abin da aka tsayar: kowa ya yarda kalmar yaudara kuskure ce, har wanda ya kare ta ya janye. An kuma tabbatar kayan aikin Android na asali sun wadatar, babu buƙatar komawa wani wuri. Matsalar ƙanenmu rashin karanta tushe ce, ya koma ya karanta HTTP/1.1.

Ɗan Flutter: Ni ban janye komai ba. Kuma wa ya tabbatar da wadatarwar?

Sabon Hannu: Don Allah ku yi haƙuri, har yanzu fuskar fari ce. Yaya Mai Saba, na duba, a BODY nawa yake. Cire shi zan yi gaba ɗaya ko in mai da shi HEADERS, matakin da ba ya karanta cikin amsar?