Waɗanda suka sha maganin ciwon damuwa, ya kuka ji?

Uwar 'yan biyu: Assalamu alaikum. Abin da ya kai ni asibiti ciwon kai ne da nauyin ƙirji, ga farkawa tun kafin assalatu, barci ya ƙi dawowa. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta min fluoxetine. Surukata kuwa ta ce rashin tawakkali ne. Don Allah wa ya taɓa sha?

Ɗan Barnawa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ki sha, amma sai da haƙuri. Ni da farko ban da tashin zuciya babu abin da na gani. Maganin yakan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin ya kama jiki. Cin abinci ne ya fara dawo min, sai barci, walwala ce ta zo a ƙarshe. Likitana ya ce ko an ji sauƙi a ci gaba aƙalla wata 6, kuma a hankali ake janye shi.

Ma'aikaciyar jinya: Ki gaishe da Hajiya, amma ciwon nan a ƙwaƙwalwa yake. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo da sinadarai irin su serotonin, a nan maganinki yake aiki. Ba shi kenan ba kuma. Idan damuwa ta daɗe, sinadarin cortisol yakan yi yawa a jini, kuma hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna sashen da ke riƙe tunawa yakan ɗan motse ga wasu masu ciwon. Shi ya sa mace za ta ɗora tukunya ta manta, a ce sakarci ne. Idan ba ki daɗe da haihuwa ba, ki nemi a duba jininki da ƙwayar maƙoƙo da ke wuya (thyroid), don rauninta yana kwaikwayon wannan ciwo sosai.

Malamin firamare: Namu ya fi ƙarfin ƙwaya. Yayana ya daina magana, ya daina ci, ko ruwa sai an ɗura masa. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi. Da likitoci suka kawo maganar jona masa lantarki a kai, mahaifiyarmu kuka ta saka. Ashe sai an yi wa mutum allurar barci da ta sassauta jiki, bai ma san an yi ba. Tun 1938 aka fara wannan magani a Roma, kuma yawanci sau 6 zuwa 12 ake yi. Kafin a gama ya nemi tuwo da bakinsa. Gaskiya ya yi fama da mantuwa na ɗan lokaci, kuma kwanakin asibitin har yau bai tuna su sosai.

Ɗan Barnawa: Allah ya ƙara masa lafiya, Malam. Ni tafiyar ƙafa bayan la'asar ma ta taimaka min, tare da maganin.

Uwar 'yan biyu: Amin, na gode. Anti, ina shayarwa fa, ba zai taɓa yaran ba?

Ma'aikaciyar jinya: Ki faɗa wa likitan kafin ki fara. Ga mai shayarwa an fi zaɓar sertraline, don kaɗan ne yake shiga nono. Idan kuma tunanin kashe kai ya zo miki, ki tafi asibiti a ranar.