Malaman lissafi da na kimiyya sun kasa haɗuwa a kan darasi ɗaya

Jama'a, a taimaka da shawara kan horar da malaman ƙaramar sakandare. Ana zuba ruwa mililita 20, 40, 60, 80, 100 a kofi, a auna nauyi, a zana giraf (zanen layi) na nauyi da yawan ruwa. Idan kofin giram 30 ne, ba a kuma mayar da sikeli sifili ba, malaman kimiyya kan raba nauyin da sikeli ya nuna da yawan ruwan, wato giram 50 da mililita 20 su samu 2.5, giram 130 da mililita 100 su samu 1.3, sai su ce sikeli ya lalace. Na lissafi suna samun gangaren layin giraf ɗin 1, amma ba sa gane nauyin ruwa ke nan, giram ɗaya a kowace mililita. Nan ake cijewa. A bari su yi kuskuren tukuna, ko a cire nauyin kofin tun farko?