Zanen dijital: sunan da nake ganin ya dace

Jama'a, a taimaka mu tsayar da suna ɗaya. Abin da Turawa ke kira digital art, wato zanen da mutum ke yi a kwamfuta ko waya da alƙalamin shafa gilashi, har yau kowa da yadda yake kiransa. Ɗalibin zane a Samaru sunansa daban, mai buga fosta a Sabon Gari nasa daban.

"Fasahar dijital" ita aka fi gani a rubuce, kuma ita na fara cirewa. Kalmar fasaha ta riga ta tafi wajen kimiyya da ƙere-ƙere. Wanda ya ji ta zai ɗauka ana maganar intanet ne ko banki ta waya.

"Zanen zamani" ma bai yi ba. A rubuce wani zai zaci zanen ɗaurawa ake nufi. Ban da haka, sunan yana da masu shi tuntuni, kuma a garin nan na Zariya. A 1958 ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Sun ƙi yarda su tsaya a kwaikwayon salon Ingila kaɗai, suka haɗa abin da suka koya a aji da zanen garuruwansu. Da fenti da buroshi suka yi aikinsu, kuma shi ne zanen zamani na Nijeriya. Idan muka ƙwace sunan muka ba kwamfuta, da me za mu kira nasu?

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne "zanen kwamfuta", don yana bin bakin Hausa. Muna cewa zanen gida, zanen ƙwarya, ɗinkin keke. Amma ku shiga wajen teloli ku ji abin da "aikin kwamfuta" ke nufi a wuyan riga: an ɗora wa inji tsari, ya zuba zare da kansa, kuma ba ya kai darajar aikin hannu irin aska takwas da maɗinki ke shafe makonni a kai. Wannan ma'anar za ta bi mai zane har gida. Alhali yarinyar da ke zana fuska a waya hannunta ne ke jan kowane layi, idonta ne ke auna haske da inuwa. Ba ta jiran fenti ya bushe, tana iya goge kuskure nan take, shi ne bambancin. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ke fitar da hoto daga jimla ɗaya, wajibi ne sunan ya raba mai zana abu da wanda ya ba na'ura umarni. Wannan dalilin ne ya kayar da "zanen na'ura" shi ma.

Zayyana kalma ce mai kyau, sai dai zuciyata ba ta so a ɗauke ta daga allon mai saukar Alƙur'ani.

Don haka na tsaya a kan "zanen dijital". Zane tamu ce, ita ke riƙe da dagi a bangon gidajen cikin birni, ita kuma za ta riƙe dagin da aka zana a manhajojin zane irin su Photoshop ko CorelDRAW. Dijital aro ce, kamar yadda muka ari allo da alƙalami daga Larabci suka zauna. Mai yin aikin, mai zanen dijital. Idan siffa ce mai tsawo da faɗi da kauri aka gina, sassaƙar dijital.

Saura kayan aikin. Alƙalami ya wadatar ga sandar zanen. Ga hawa-hawan da ake jera zane a kansu ina ba da shawarar "shimfiɗa", a ce shimfiɗa ta farko, shimfiɗa ta biyu. Malamai da masu sana'ar, me kuke ce musu a wurin aiki?