“Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba”: me karin nan yake faɗa mana?

Maman Tagwaye:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ranar Talata a taron zumuntar mata na yi kukan cewa kwana biyu ba na jin Ubangiji kusa da ni. Ƙarfe huɗu na asuba ina wajen markaɗen wake, ƙarfe shida ina bakin kasko, daga nan shirya yara, ga waya ba ta barin kunne ya huta. Sai wata tsohuwa ta dafa ni ta ce, “'Yata, ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.” Na kwana ina juya maganar. Lallashi ne ko faɗa?

Ɗan Keke:
Mama, ni dai na san ana faɗinsa ne ga mai cewa babu alhali bai nema ba. Faɗa ne, amma na ƙauna. A garinmu da rani kogi yakan zama rairayi zalla, baƙo ya ce babu ruwa. Mata kuwa su durƙusa su yi tono da sakaina kamar kamu ɗaya, su ɗan jira, ruwa ya tsattsafo. Irmiya 29:13 ma haka ya ce, za mu same shi in muka neme shi da zuciya ɗaya.

Malamar Firamare:
Ban yarda gaba ɗaya ba, ɗan'uwa. Idan muka ɗora karin nan a kan Allah yadda yake, kamar muna cewa ƙoƙarinmu ne yake kawo shi. Ka duba Hajaratu a jejin Biyer-sheba, Farawa 21. Ruwan salka ya ƙare, ta ajiye ɗanta a ƙarƙashin wani ɗan itace, ta koma gefe tana kuka don kada ta ga mutuwarsa. Me ta tona? Allah ne ya buɗe idonta ta ga rijiya. Yakubu kuma barci yake yi a Betel, ya farka ya ce lalle Ubangiji yana wurin nan, shi bai sani ba. Matar da ta gaji tun asuba, a ƙara mata da “je ki tona”? Nauyi ne a kan nauyi.

Ɗan Keke:
Malama, ai karin bai ce tono ne yake yin ruwan ba. Cewa ya yi ruwan yana nan tun tuni.

Dattijo:
Ku biyun kun riƙe igiya ɗaya ta bakinta biyu. Ni Ishaku nake tunawa, Farawa 26. Rijiyoyin da aka haƙa a zamanin Ibrahim, Filistiyawa suka cika su da ƙasa. Ishaku bai ƙirƙiro ruwa ba, kwashe ƙasar ya yi. Nawa Filistiyawan a aljihuna suke. Akwai safiyar da na buɗe Littafi Mai Tsarki a waya, saƙo ya shigo, na ce bari in leƙa. Da na ɗago kai shayina ya huce, aya ko ɗaya ban karanta ba. Tun ranar na koma na takarda, wayar kuma tana kwana a falo. Ba a tauna taura biyu.

Amma 'yata, kada ki ɗauka suyar ƙosai ce ƙasar da ta rufe miki rijiya. Yesu bai ce wa Marta, wadda hidima ta ɗauke mata hankali ranar da ya sauka a gidanta, hidima laifi ce ba, damuwa da abubuwa da yawa ya ambata.

Maman Tagwaye:
Baba, wannan ta shige ni. Da safen nan kafin mai ya yi zafi, unguwa tsit, sai ƙarar itace a murhu, na kife wayar a kan tire na karanta Zabura 23 da ka. Ban kai ƙarshe ba mai saye na farko ya iso, yaro ne da ɗari biyu a hannu. Na ƙarasa ta ina zuba masa yaji.

Malamar Firamare:
To Yaya, wannan tono za mu kira shi ko buɗe ido? Ni har yanzu ina wajen Hajaratu.